Ranar da Grema Ya Sunkuyar da Kai

A shekarun tawaye, lokacin da matafiya ke shakkar hanyoyin arewa, ƙwallon ƙafa ma ta ji jiki a Diffa. Samari wasu sun shiga soja, wasu sun ƙetare kogin Komadugu neman abinci, har ya zama ƙungiyar da ta tara 'yan wasa masu lafiyar ƙafa sai an yi mata barka. Sai aka koma musaya: mai 'yan gaba biyu ya ba da ɗaya ya karɓi mai tsaron gida, kamar yadda ake musayar tattasai da bandar kifi.

Grema masunci ne a Baroua, kuma shi ne ɗan gaban ƙungiyar ƙauyen. Ƙafarsa ta hagu ba ta da mutunci ko kaɗan. Amma hankalinsa yana Diffa, wajen Yasmin, 'yar Abbakar manomin tattasai, wanda rashin samari ya sa aka sake kiransa ya tsare wa ƙungiyar Taurarin Kasuwa gida bayan furfura ta kama shi. Tsalle dai ya ƙare wa Abbakar, amma kowa ya san dabararsa: idon mai bugu yake kallo, ya riga ƙwallon zuwa inda za ta.

Grema ya yi lissafinsa. In ya koma Taurari, kullum yana tare da dattijon, ya riƙe masa takalmi, ya miƙa masa ruwa, neman aure ya zo da sauƙi. Ya aika wa mai ƙungiyar Taurarin, Baƙo, wani mai kanti ɗan Damagaram wanda ko a mafarki ciniki yake. Baƙo bai san da maganar Yasmin ba, bai kuma tambaya ba. Nan da nan ya daidaita da mutanen Baroua.

Ranar da Grema ya iso fili da murnarsa, ya duba raga ya ga wani dogon mutum da bai sani ba. Ya tambayi inda Baba Abbakar yake.

"Ai shi na ba su, na karɓo ka," in ji Baƙo, yana shafa ciki. "Tsoho da saurayi. Ka taɓa jin ciniki mai daɗi haka?"

Grema ya tsaya yana kallon ragar da babu Abbakar a cikinta. Abin haushin ma, labari ya kai wa Abbakar cewa Grema ne ya nemi musayar. Daga ranar, in ya gaishe shi a kasuwa, sai dattijon ya amsa a gajarce yana kallon buhunan tattasai. Ya Fanna, gwaggon Grema, wadda za ta kai goron neman aure, ta mai da goron cikin jaka ta ce a bari ransa ya huce tukuna.

Kamar da gangan, wasan ƙarshe na kofin kwarin Komadugu ya haɗa Taurari da Baroua. Grema ya yi ta gudu ba ya komai. Da ya kusanci raga ya hango furfurar nan, sai ya miƙa wa wani ƙwallon. Baƙo ya yi ta zage-zage a bakin fili har hularsa ta faɗi. Ana dab da tashi, babu wanda ya ci, aka kwashe ƙafar wani ɗan Taurari a gaban raga, alƙalin wasa ya busa fenareti. Abokan wasa suka turo Grema.

Tsoro ya kama shi sosai. In ya ci, ya tozarta uban Yasmin a gaban gari. In ya zubar da gangan, Abbakar ba yaro ba ne, zai gane. Ya ajiye ƙwallon, ya ɗan rusuna ya gaida dattijon kamar a ƙofar gida, fili ya kwashe da dariya. Sannan ya ja da baya, kansa a ƙasa, don a garinsu saurayi ba ya haɗa ido da wanda yake neman 'yarsa.

Abbakar ya nemi ido, bai ga komai ba sai tsakar kai. Yana nan tsaye yana nema ƙwallon ta wuce shi ta faɗa raga.

Taurari suka ɗauki kofi, suka ɗauki Baƙo ma duk da nauyinsa. Grema kuwa ya zauna a gefe yana kwance takalmi, ya tabbata ya rasa Yasmin. Sai ya ga inuwa a kansa.

"Tun ina saurayi babu wanda ya ɓoye mini ido," in ji Abbakar.

"Ba ɓoyewa na yi ba, Baba. Kunya ce."

"Na sani. Da ka zubar da ita don ni, da ba ka ƙara taka ƙofata ba." Dattijon ya kakkaɓe ƙasa daga gwiwarsa. "Ka ce wa Ya Fanna ta kawo goron. Amma ka fara gaya wa Baƙo ya san yadda zai yi ya maido ni. Ba zan sake tsayawa gaban mutumin da ba ya kallona ba."