Babur Marar Murya

Su ne suka sace masa titi. Ba su tambayi kowa ba, gari kawai ya waye aka ga an zube su a hanyar 'yan ƙafa, baburan lantarkin nan da ake hawa a tsaye, ba ƙara, ba tari, ba komai... Herlinda tana laɓe bayan tukunyar mai sayar da tamale, alalar masarar nan, idonta a kan mijinta. Nemesio. Ga shi can, farar sandarsa tana bin layin rawayan nan mai gurza-gurza da aka shimfiɗa wa makafi. Taf, taf...

Shekara arba'in da kunne yake yawo a birnin Meziko. Bas tana huci, mai wasa wuƙa yana busa usur, kare ma ana jin faratansa. Wannan fa? Me mutum zai ji? Inuwa?

Wata uku yana kwance, ƙugu a karye. Mai babur ɗin da ya banke shi ko waiwaye... "Yi haƙuri, kaka!" daga can nesa. Kakan ubanka.

"Kika biyo ni yau, tsohuwa, na ajiye sandar nan ke nan. Sai in zauna ki riƙa ba ni a baki." Haka ya ce mata kafin ya fita. Ta rantse masa. Da Budurwa Maryamu ta rantse, hannu a ƙirji, kuma ga ta nan, mayafi har hanci, kamar ɓarauniya.

Ga ɗaya nan tafe. Mai kwat, jaka a baya, kunnuwa a toshe. A kan layin rawaya... layinsa! Zai kauce. Dole ya kauce, ai yana da ido, biyu ma. In ta yi ihu, Nemesio ya gane muryar, ko a tsakiyar kasuwa ne. In ta yi shiru... ƙashin nan, likita ya ce ba zai ɗauki ta biyu ba. Taku goma. Bakwai. Ɗago kanka mana, ɗan banza, ɗago—

"Nemesio!"

Babur ya goce, ya wuce. Iska kawai. Ko rigarsa bai taɓa ba. Wataƙila da ma zai kauce... wataƙila.

Sandar ta tsaya. Bai juyo ba. Kansa ne kawai ya ɗan karkata wajenta, ba fushi a fuskar, da ma fushin ne... Yana naɗe sandar a hankali. Gaɓa ɗaya. Biyu. Ya miƙo hannu cikin iska, yana jiran a zo a ja shi.

Tana nan tsaye bayan tukunyar. Kai da kake kallonta haka, ce da kai ne da shiru za ka yi. Ce mana.