Injin da Aka Aiko daga Moala

Sekove ya shigo ɗakin koyon gyaran injin kwalekwale a sunkuye, rungume da ƙunshin yangona, saiwar da ake jiƙawa a sha a taron girmamawa. A al'adarsu, mutumin kirki ba ya barin wuri sai ya miƙa wa babba yangona ya nemi sallama. In babban ya karɓa, magana ta ƙare.

Shekararsa talatin da huɗu. Sau biyu yana faɗuwa jarrabawar rubutu a gaban yaran da ya kusa haifa, shi ya sa ya ƙudura komawa tsibirinsu, Moala, saura wata uku a gama karatun. Kunya ce zalla, amma ya raɗa mata suna ciwon baya.

"Baba tsoho, yau walima za ka yi mana?" in ji Vasiti, 'yar ajinsu.

Sekove ya wuce ta. Ya zauna a ƙasa gaban Malam Ilaitia, ya miƙa ƙunshin da hannu biyu.

Malam ya ɗaga hannayensa, baƙi wuluk da mai.

"Da waɗannan zan taɓa yangona? So kake in ci mutuncin kakanninka? Ajiye a kan kantar can. In injin nan ya tashi sai in wanke."

"Malam, jirgin ruwa ƙarfe huɗu zai tashi."

"To kama mini mu yi sauri. Yaran nan baki gare su, ba su da kunne."

Sekove ya ja igiyar tayar da injin. Injin ya yi tari, ya mutu. Sai a lokacin ya lura da igiyar: shuɗiya, mai ƙulli uku. Shi ya ƙulla ta bara da hannunsa. Injin kwalekwalen ƙauyensu ne, wanda ke kai masu naƙuda asibiti.

"Jiya dagacinku ya aiko shi," in ji Malam. "Cewa ya yi a ba bakanikensu, wato kai."

"Ba ni da takardar shaida, Malam."

"Rubutu Vasiti za ta zauna da kai a kansa kullum bayan darasi. Kai kuma ka koya mata sauraron inji."

"Ni da wannan busasshiyar kwakwar?" in ji Vasiti. "Sai dai in zai riƙa kawo mini dafaffen rogo."

Ƙarfe huɗu suka jiyo kukan jirgi daga tasha. Injin yana warwatse a kan tebur, Sekove yana hura wani siririn bututun mai, bai ko ɗago ba.

Malam Ilaitia ya dubi sabulu a bakin famfo. Maimakon ya wanke, ya sake cusa hannunsa cikin injin.