Sunan da ke Cikin Shafin Riga

A taron zumuntar matan coci na ranar Alhamis maganar ta fito, bayan an rufe addu'a ana tattara kujeru. Magdalena ce ta kawo ta, kamar yadda take kawo yawancin labaran unguwar Luggere. Wai shagon Alphonsus na kasuwar Jimeta, mai sayar da kayan aikin daji masu tsada, takalman ruwa da rigunan tamfol da huluna, alkawarin nan nasa na gyara kyauta har abada tarko ne. Wai idan ka kai tsohuwar rigarka mai nagarta, sai su ɓoye ta su wanke su sake sayarwa, kai kuma su miƙo maka jabu mai kama da ita.

"Wa aka yi wa?" in ji Malama Selina.

"Haba Adda, kowa ya sani."

"Ban san wani mai suna Kowa ba. Mutum ɗaya nake so, da sunansa da unguwarsu."

Magdalena ta ce ƙanin mijin maƙwabciyarta ne. Da aka matsa, ta ce ko kuma abokinsa. Mata suka yi dariya, wata ta ce yau ma an shiga ajin Malama.

Shekara talatin da biyu Selina ta yi tana koyar da ɗinki da kimiyyar gida a makarantar 'yan mata a Yola, kuma ritaya ba ta rage mata komai ba. Ita ce ta auna ruwan leda bakwai a kwalaben gwaji don ta nuna wa mata cewa wanda suke yabo bai fi sauran ba. Ita ce ta ce wa wani mai maganin gargajiya ya fara shan nasa a gabanta. Ba a ƙaunarta sosai a kan wannan hali, amma idan ta ce ta duba abu, an daina gardama.

"To, ina da rigarsu," ta ce. "Ta marigayi. Zan kai, in dawo in gaya muku."

Rigar tana rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakinta. Ruwan ƙasa ce, mai kauri, da hula da manyan aljihu huɗu. Mijinta Nicodemus malamin daji ne, ya saye ta ne da kuɗin da a lokacin ta ce ya isa buhun shinkafa uku, suka kwana biyu ba sa magana. Tun rasuwarsa ita ke sa ta zuwa gonarta ta Mbamoi. Damina goma sha ɗaya, ruwa bai taɓa ratsa ta ba. Sai bana ƙaya ta yage aljihu ɗaya, ɗinkin kafaɗa kuma ya fara buɗewa.

Duk sa'ad da ta sauke rigar sai ta tuna yadda ta ƙwato ta, kuma har wannan ranar, da alfahari take tunawa.

A ƙarshen Oktoban 2014 ne, makon da Mubi ta faɗa hannun 'yan bindiga, mutane suka yi ta kwararowa Jimeta a ƙafa da bayan manyan motoci. A makon ne kuma ɓarin jikin Nicodemus ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta ɗauke. Tana asibiti da shi fasto ya aiko cewa ana raba baƙi gida gida, ko za ta ba da ɗakin baya? Ta aika da makulli. Kwana tara bayan nan ta dawo da mijinta, ta tarar da wani mai haƙar rijiyar burtsatse daga Michika, sunansa Othniel, da matarsa Liyatu da 'ya'ya uku. Mutum ne marar yawan magana. Kafin ta dawo har ya gyara mata famfon tsakar gida da ya yi wata shida yana ɗiga.

Da sanyin hunturu ya fara shigowa, ta nemi rigar don ta lulluɓa wa Nicodemus. Ƙusa babu komai. Ta birkice gida, babu. Kwana biyu bayan haka ta leƙa ta taga da sassafe, sai ga Othniel yana hura wuta sanye da ita.

Ba ta yi ihu ba, ba halinta ba ne. Ta kira dattawan ikilisiya biyu da shugabannin zumuntar mata, aka zauna a falo inda Nicodemus ke kwance a katifa, ta jera hujjojinta ɗaya bayan ɗaya kamar darasi. Launi ɗaya, ɗinki ɗaya. Rigar miji ta ɓace a daidai kwanakin da baƙo ke riƙe da makulli. Mutumin da ya iso da silifa kala biyu a ƙafarsa, ina ya sami rigar da ko darakta sai ya yi shawara kafin ya saya?

"Mama, tawa ce," in ji Othniel. "A Mubi na saya, bara. A reshen shagon Alphonsus na can."

"Ina rasit?"

Kowa a falon ya san abin da ya sami Mubi da shagunanta.

Nicodemus ya yi ta bugun katifa da hannunsa mai lafiya, yana wani gurnani, yawu na zuba. Selina ta goge masa baki ta ce, "Kun gani? Har shi ya gane kayansa. Kwanta, Baba, an karɓo maka."

Othniel ya tuɓe rigar, ya ninke ta sosai, ya ajiye a hannun kujera. Kafin azahar sun tattara ledojinsu sun tafi sansanin 'yan gudun hijira. Ba ta kore su ba, ta sha faɗar haka. Nicodemus ya rasu a watan Fabrairu bai sake furta kalma ba.

To, wannan rigar ce ta shimfiɗa a tebur ranar Litinin. Ta zura jan zare a allura, ta yi ɗinki uku ƙanana can cikin lungun aljihun ciki, inda ba mai gani sai wanda ya san da su. Ta hau keke napep zuwa kasuwa.

Shi Alphonsus ya tsufa ya koma garinsu can kudu. 'Yarsa Ada ke riƙe da shagon, haifaffiyar Jimeta, Hausa da Fulatanci duk a bakinta. A bakin ƙofa akwai keken ɗinki irin na masu tamfol, da wani tsohon tela mai suna Bobboyi zaune a kai, tabarau a ƙarshen hanci.

"Mama, sannu da zuwa. Ki zauna, ga fanka." Ada ta karɓi rigar ta ɗaga ta sama. "Chineke! Bappa, dubi wannan. Tsohon zubi. Wannan ta girmi auren nawa."

"Nawa ne gyara?"

"Ba ko sisi. In dai tamu ce."

"To me kuke ci a ciki?"

"Wanda ya ga wannan a jikinki bayan shekara goma, gobe yana nan da kuɗinsa. Shi ke nan cin namu."

"An ce musanya kuke yi."

Ada ta fashe da dariya har da tafa hannu. "Zancen ya iso gare ku ke nan! Bappa, ka ji an ce kai ɓarawo ne."

"Ni da ko zarena ba na iya ɓoye wa jikokina," in ji Bobboyi, bai ɗago ba.

"Mama, ba sai kin bar ta ba. A gabanki za a yi. Kuma bari ki ga abin da Papa ya tsara saboda irin wannan magana. Duk rigar da muka sayar, ana rubuta sunan mai ita a ƙyalle da tawadar da ba ta wankuwa, a ɗinke a cikin shafi, nan ƙasa ta hagu. Sai an zo gyara ake farkewa a nuna wa mutum. Wane suna za mu gani?"

Wannan tsari ya burge Selina, duk da ba ta nuna ba. "Nicodemus," ta ce. "Na gandun daji."

Ada ta dubi Bobboyi, shi ma ya ɗago.

"Nicodemus dogo? Mai tsaga a kumatu, mai babur ja?"

"Kin san shi?"

Bobboyi ya sa reza ya farke ɗinki kamar tsawon yatsa, ya zaro farin ƙyalle, ya miƙa wa Selina ba tare da ya karanta ba. Ta gyara tabarau. Rubutun bai dushe ba ko kaɗan. Othniel. Mubi. 2013.

Abin da ya fara zuwa ranta shi ne, ga musanyar nan, na kama su. Har ta buɗe baki. Amma rigar ba ta bar idonta ba ko na ƙiftawa. Ta ja ta, ta zura hannu cikin aljihun ciki, ta juyo shi. Jan zarenta uku na nan. Ta duba inda aka farke: tsohon zare ne, ya ci wanki ya ci rana daidai da sauran. Shekara talatin da biyu tana duba ɗinkin ɗalibai, ta san ɗinkin da ba a taɓa taɓawa ba.

Ada ta shige ciki. Aka ji tana jan akwatuna. Ta fito da leda mai ƙura, ta kwance, warin kafur ya cika shagon. Riga ce ruwan ƙasa, mai hula da aljihu huɗu, sai dai launinta bai koɗe ba, kuma zif ɗinta sabo ne fil. An maƙala takarda da fil a wuya.

"Shi da kansa ya kawo," in ji Ada a hankali. "Zif ya lalace. Ina nan ranar, Papa na tsokanarsa wai tumbi ne ya fasa. Ya ce zai dawo Asabar. Mun yi ta kiran lambarsa har aka ba wata mata a Jalingo layin. Mun tambaya a ofishinsu, lokacin gari a rikice yake, aka ce ya yi ritaya. Papa ya ce kayan mutum ba a zubarwa. Duk shekara nake canza kafur."

A takardar an rubuta ashirin ga Oktoba. Kwana shida kafin ya faɗi.

Selina ta ɗora rigunan biyu a cinyarta. Ta Nicodemus ta fi faɗin kafaɗa da kusan taƙi guda. Damina goma sha ɗaya tana sa ɗayar, ta zauna mata daidai, ita da ba ta kai kafaɗar mijinta ba, kuma ba ta taɓa tambayar kanta dalili ba. Daga gidanta zuwa shagon nan tafiyar minti goma sha biyar ce. Othniel ya faɗi sunan shagon a gaban dattawa.

Sai hannun Nicodemus ya dawo mata, yana bugun katifa. Ashe a'a yake cewa. Ta ji fuskarta ta ɗauki zafi har kunnuwa.

"Mama, ruwa?"

"Mai wannan sunan," ta ce, "ya taɓa zuwa nan?"

"'Yan Mubi da yawa sun zo bayan an koma. Wannan suna dai ban tuna ba." Ada ta dube ta, ta kawar da kai. "Ba ma tambayar yadda riga ta zo hannun mutum, Mama. Lokacin gudu kaya sun yi ta canza hannu. Bappa, gyara mata."

Da a ce Ada ta tambaya, da ya fi mata sauƙi.

Bobboyi ya ɗinke aljihu, ya bi kafaɗa da layi biyu, ya gwada da ƙarfinsa. Sannan ya miƙo hannu don ta ba shi ƙyallen. Ta ga ashe ta dunƙule shi a tafinta har ya jiƙe.

"In mayar, Dada?"

"Mayar."

Kwana biyu ba ta je gona ba. Ta je wurin fasto, wanda sabo ne, ta nemi a tambaya mata a ikilisiyoyin Michika ko akwai wanda ya san wani Othniel mai haƙar rijiya da matarsa Liyatu. Ya tambayi dalili, ta ce zai ji. Ta yi tunanin ƙin zuwa zumunta. Ta yi tunanin zuwa ta ba da rabin labari, tun da rabin ne kawai aka aike ta dubawa, kuma ba wanda zai sani.

Ranar Alhamis ta je da leda biyu. Bayan addu'a Magdalena ta ɗaga murya.

"To Adda, yaya? Sun yi miki wayo ko kin kama su?"

Selina ta miƙe. Ta ƙirga da ido: huɗu daga cikin matan da ke zaune suna falonta a waccan safiyar, har da Magdalena. Ta fitar da rigunan ta ajiye a tebur.

"Ba sa musanya," ta ce. "Wannan ce rigar Nicodemus. Shi ya kai ta gyara kafin ya kwanta, tana shagonsu tun lokacin. Wannan kuma da na karɓa a gabanku ta Othniel ce. Da kuɗinsa ya saya a Mubi. Bai saci komai a gidana ba."