Tabon Khalida a Hoto

Tun da likitoci suka cire wa Khalida nono ɗaya saboda ciwon daji, mijinta Muzammil ya koyi wata sabuwar kunya. Da ta shigo ɗaki za ta sauya kaya, sai ya tuna akwai wanda zai kira a waya, ya fice falo. Ma'aikacin ofishin jakadanci ne a Riyad, gwanin zancen tawakkali a gaban baƙi. Har cewa yake ciwon matarsa ya ƙara masa imani. Khalida takan zuba musu gahawa tana kallon bakinsa kamar yadda ake kallon ƙuda a miya.

A wani biki ta haɗu da Yusra, 'yar Nijar haifaffiyar unguwar Gubaira a nan Riyad, mai ɗaukar hoto a ɓangaren mata. Larabcinta ya fi Hausarta. A ɓoye tana wani aikin: hoton jikin mace ba sutura, ba fitila, sai hasken da taga ta bayar, kuma mai jikin kaɗai ke tafiya da shi.

Khalida ta je wurinta da hantsi. Yusra ta ɗan zuge labule, ta zaunar da ita a gefen taga, ta jira rana ta sauko daga kafaɗarta zuwa kan tabon aikin. Ba ta yi mata sannu ba, ba ta kawar da kai ba. Cewa kawai ta yi ta ɗaga haɓa. Khalida ta ji daɗin wannan fiye da duk addu'o'in 'yan dubiya.

Hoton baƙi da fari ne. Ta ajiye shi a ƙasan mayafanta, inda Muzammil ya ci karo da shi yana neman fasfo. Ya same ta a kicin riƙe da hoton. Ta ɗauka zancen haramci zai yi, ta ma shirya saurare. Ashe tsoronsa kada maganar ta kai kunnen jakada, ko hukuma ta ji a kore su daga ƙasar ana saura kaɗan a ƙara masa girma.

"Wa da wa suka gani?" ya tambaya.

"Baban Shakir, ni da mai ɗauka ne kawai. Kai ma ba ka gani ba, ga shi ka kife shi a ƙirjinka."

Ya yayyaga hoton ba tare da ya juyo shi ba, ya zuba a kwandon shara, ya danna ɓawon albasa a kai. Khalida ba ta hana shi ba. Ta lura cewa ko a fushin nasa sai da ya kula kada hannun rigarsa ya ɓaci.

Da la'asar ya dawo da sanyin murya, ya ce ya yafe mata, Allah ma muna yi masa laifi. Ta ce ta gode. Ta zuba masa shinkafar kabsa, ya cinye tas, ya tambaya ko da saura a tukunya.