Sai Buta Ta Yi Fito

Sati bakwai na yi ina haɗa garkuwar nan, kuma a rayuwata ban taɓa dagewa a kan abu ɗaya haka ba. Ina shekara sha shida na bar makaranta. Koyon gyaran mota wata huɗu na yi, wankin kwanuka a gidan abinci wata biyu, tsinkar lemo a gona ko sati uku ban cika ba. Mahaifiyata ta daina tambayar inda nake aiki. Sai dai ta ce, "Declan, har yanzu kana can, ko ka tashi?"

Mu goma sha tara ne a ƙungiyar. Muna shigar sojojin Rumawa na da, mu yi wa mutane faretin yaƙi a filayen baje koli na garuruwan da ke kewaye da birnin Toowoomba. Kowace Lahadi muna taruwa a rumfar kwano da ke bayan gidan Baba Goran, tsohon direban bas wanda shi ne shugaban sahu. Wata biyar ina atisaye da garkuwar aro. Amma dokarsa ita ce ba ka shiga sahu a gaban 'yan kallo sai da garkuwar da ka haɗa da hannunka, kuma sai ka riƙe ta har buta ta yi fito.

Butar tsohuwa ce, ta lotse a gefe. Yakan cika ta da ruwan sanyi ya ɗora a kan ƙaramin murhun gas. Kai kuma ka ɗaga garkuwarka, bakinta na sama a ƙarƙashin idonka, ba ta taɓa ƙasa ba, ba ta jingina da gwiwa ba. Minti tara ne ko sama da haka. Ya ce faretinmu ba ya wuce haka, kuma wanda ya saki garkuwa a tsakiyar sahu ya buɗe wa na kusa da shi rami.

Tun ranar farko ya faɗa mini yadda ake yi. Ka manna siraran katako hawa uku, ka lanƙwasa su kamar rabin ganga. Ka lulluɓe da yadi, ka ɗaure baki da tagulla. Sannan ka kwantar da ita a kan sandar tsintsiya ka ga inda ta tsaya ba ta rinjaya ba. Nan za ka huda ramin hannu, ka sa mariƙi a kwance irin na bokiti, ka rufe da cibiyar ƙarfe. Fenti shi ne ƙarshe.

Na ji shi sarai. Amma da na zo wurin sanda sai na ga ɓata lokaci ne. Tsakiya ai tsakiya ce. Na ɗauko tef na auna, na huda. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, garin lanƙwasawa katakon ya tsage daga sama, na ƙara masa wani guntu mai kauri na cika da gam, yadi ya rufe asirina. Daga nan na koma kan fenti, wanda shi nake ɗoki tun farko. Sati uku na yi a kan ja da ruwan ɗorawa, fukafukai huɗu da kibiyoyin walƙiya suna fita daga cibiyar.

Ranar Lahadi, saura kwana shida a yi baje kolin da za mu yi fareti, na kawo ta rumfa. Tavita, ƙaton ɗan ƙasar Samoa da ke tsayawa a gefena a atisaye, ya zagaya ta yana kaɗa kai.

"Kai, mutumina! Wannan ai ta bango ce. Ka kai wa mamanka ta rataye a falo."

"Baƙin ciki ne ke damunka," na ce. "Taka fukafukin kamar na kazar da mota ta taka."

"Kazar nan shekara shida tana fareti. Ɗaga mu gani."

Baba Goran ya miƙe. Ya cika buta ya kunna wuta.

Minti biyu na farko lafiya lau. Daga nan sai na ji saman garkuwar yana son kifawa gaba, ƙasan yana neman ƙaurina. Na murɗa wuyan hannu na dawo da ita. Ta sake kifawa. Ba nauyinta ke cina ba, kokawar da nake yi da ita ce. Ruwa bai ko fara ƙara ba yatsuna suka mutu, bakin tagullar ya sauka a kan ƙafata.

Baba Goran ya kashe wutar. Ya ɗauko tsintsiya ya kwantar a ƙasa, ya ɗora garkuwata a kai daidai ramin hannu. Saman ya faɗi ƙasa, ƙwal. Ya matsa ta kaɗan kaɗan har ta tsaya cak, ya sa babban yatsansa a wurin. Yatsa uku ne sama da inda na huda, a kan fukafukin da ya fi cin lokacina.

"Me ka ɓoye a sama, yaro?"

"Ta ɗan tsage ne, Baba."

"Tsagewa ba laifi ba ne, tawa sau biyu ta tsage. Da ka ɗora ta a sanda da ta faɗa maka da kanta. Ka tambayi tef, tef kuwa bai taɓa ɗaukar garkuwa ba."

Ban so taɓa fentin nan ba. Ranar Laraba da yamma na dawo da dabarata. Na dandaƙe darmar da kawuna ke sa wa ƙugiyar kamun kifi, na kafa ta a ciki daga ƙasa. A kan sanda ta zauna daidai, har Tavita ya tafa mini. Sai dai da muka rataye ta a ma'auni ta haura kilo goma sha ɗaya, ta Tavita kuwa takwas ce.

Wannan karon ba ta kifa ba. Kafaɗata ce ta fara zafi, zafin ya gangaro bayana. Na ji ruwa ya fara ƙara a cikin buta, na cije. Gumi ya cika mini ido. Ina jin tururi ya kusa tashi hannuna ya sauka da kansa, kamar ba nawa ba. Ko rabin minti ba a yi ba butar ta yi fito.

"Ka yi maganin nauyi da nauyi," in ji Baba Goran, yana zuba shayi. "Madara?"

Ban sha ba. Na jefa garkuwar a bayan mota na fita. A bakin titi na tsaya na daɗe, injin yana aiki. Akwai saƙon wani abokina a wayata tun Litinin, wai ana neman masu tsinkar tumatir a arewa, in zan zo in zo. Na san wannan jin, na ƙafa tana ƙaiƙayi. Shi na ji a gareji, shi na ji a gidan abinci. Ba fushi ba ne, gajiya ce kawai, irin wadda ke nuna maka cewa ko'ina ya fi nan. Na duba madubi na ga fukafukan suna leƙo ni daga kujerar baya. Na yi tsaki, na juya gida.

Ranar Alhamis na ciro darmar da filaya, ɗaya bayan ɗaya. Na kwance cibiyar. Na kwantar da garkuwar a kan tsintsiyar mahaifiyata, na yi alama da fensir. Zarton ya shiga ta tsakiyar fukafukin, fentin yana ɓarɓashi a kan takalmina. Na cike ƙasan tsohon ramin da guntun katako, na manna yadi, na goge duk abin da ya rage na zanen da samfefa, domin fukafukai da ba su fito daga cibiya ba sun fi rashinsu muni. Na shafa ja, ja kawai. Mahaifiyata ta leƙo ta taga.

"Ba ita ce ka gama ba?"

"Ita ce."

Ta dube ni, ta dubi garkuwar, ta rufe taga.

Juma'a da yamma Tavita ya ganta ya riƙe ciki. "Wayyo, an fige kazar! Wa ya yi maka wannan aika-aika?"

"Rufe mini baki, ka matsa."

Na sa hannu a mariƙin na ɗaga. Ta rataya a hannuna shiru, ba ta neman gaba ba ta neman baya. Nauyin yana nan, kafaɗar da na wahalar ranar Laraba tana ta ƙorafi, amma babu kokawa. Na kafa ido a kan wata ƙusa a bango. Ban ƙirga komai ba. Lokacin da butar ta yi fito ban ma yarda ba, sai da Baba Goran ya ce, "Sauke mana, ko so kake ruwan ya ƙone?"

Na ajiye ta.

"Gobe kana ciki," ya ce. "Amma ba a gaba ba. Wannan jar ƙofar ba za ta tsaya a gaban masu ɗaukar hoto ba. Tsakiyar kunkuru za ka shiga."

Kunkuru shi ne ƙarshen faretinmu. Na gaba su tare da garkuwoyinsu, na tsakiya su ɗaga nasu bisa kai, a haɗa baki da baki a yi rufi. Sai a bar yara su yi ta jifanmu da ƙwallayen roba. Garkuwar na tsakiya babu mai ganinta sai tsuntsaye.

Haka na yi Asabar ɗin, a cikin duhu da warin gumi da fata, kwalkwalin wani yana bugun haɓata, ƙwallaye suna sauka a kaina kamar ƙanƙara a kan kwano. Tavita yana haki a gefena yana cewa, "Matso da figaggiyar nan, haske na shigowa." Na matso da ita. Hasken ya rufe, kuma bai sake buɗewa ta wurina ba har aka busa ƙaho.

Bayan an tashi na kwanta a kan ciyawa da sulkena. Tavita ya miƙo mini burodi da naman gashi a ciki, yatsun hannuna na hagu, wanda ya riƙe garkuwa, suka ƙi rufewa a kai, sai da na karɓa da hannun dama. Baba Goran ya zo ya tsaya a kaina, inuwarsa ta tare mini rana.

"Gobe Lahadi. Ka zo da fenti ruwan ɗorawa da ƙaramin buroshi. Sati uku ka ce fukafukan suka ci?"

"Uku, Baba."

"To, uku ne kuma."

Na rufe ido. Na ce to.