Jan Biro

Shekara ashirin da uku ina koyar da lissafi, har ɗalibai suka laƙaba mini suna Jan Biro. Ban taɓa jin haushin sunan ba. Ni ko katin gayyata aka miƙo mini, sai na gyara kuskurensa kafin in duba ranar.

Ƙarshen zangon nan duk mun yi laushi, amma malamar kimiyya ta fi kowa jigata. Shekara goma sha ɗaya muna zama tebur ɗaya da ita a ofishin malamai. Wata bakwai ta yi tana jinyar mahaifiyarta, tsohuwar ta rasu, ta dawo ta tarar da takardun jarrabawa na aji huɗu suna jiranta. Rannan ta buɗe jaka ta nuna mini takardar ajiye aiki, har ta sa hannu. Ban san yadda zan yi da ofishin nan in babu ita ba.

Ana haka shugabar makaranta ta ba mu yini guda na hutu a ɗakin zane. Malamin zane ya ajiye kwali a bakin ƙofa.

"Kowa ya jefa jan bironsa a nan," in ji shi. "Yau babu maki, babu gyara. Malama, da ke nake."

Aka kwashe da dariya. Na jefa guda, na bar guda a jaka. Ya zaci da ɗaya nake yawo?

Ƙawata malamar kimiyya ta zauna kusa da ni ta yi ƙasa da murya. "Yaya, in yau na ji sanyi a raina, zan yaga takardar ajiye aikin nan."

Ni dai gida na zana da rula, na gama cikin minti goma, na zauna ina kallon agogo. Ita kuwa awa biyu ba ta ɗago kai ba. Fenti har goshinta. Na ma ji tana 'yar waƙa a maƙogwaro, abin da rabona da ji tun bara.

Da ta tashi wanke hannu na leƙa takardarta. Hannun tsohuwa ne riƙe da kofi, har jijiyoyi sun fito, gwanin kyau. Sai idona ya ƙirga yatsun: shida. Wallahi ban yi shawara da zuciyata ba. Kafin in ankara na zagaye na shidan da ja, na rubuta a gefe: "Ƙirga da kyau!"

Ta dawo tana goge hannu. Ta daɗe tana kallon takardar.

"Yaya," ta ce, "Mama tana da cindo. Shi nake riƙewa ina ƙarama in za mu tsallaka titi. Shi na riƙe a asibiti."

Da ta zage ni da na ji daɗi. Ba ta yi ba, sai ta rufe kwalaben fenti ɗaya bayan ɗaya. Na ba ta haƙuri har bakina ya bushe. Malamin zane ya shafa farin fenti a kan zagayen sau uku, yana bushewa jan yana sake ɓullowa.

Ranar Litinin ta miƙa takardar ajiye aikin. Ta ce mini ba saboda ni ba ne, kuma na san ba ta iya ƙarya ba, sai dai ta iya kara.

Zanen yana cikin durowata, a ɗakin zane ta bar shi. Abin da ke cina kullum shi ne, sau biyu na je duba tsohuwar nan, na riƙe hannunta na yi mata sannu. Ni da nake hango ɗigo ɗaya da ya ɓace a allo daga ƙarshen aji, ban ga yatsan ba.