Kai Biyu, Aski Ɗaya

Da safe Kaka ta ɓallo ƙwayar magani daga ledarta kamar kullum, ta ajiye kofin ruwa kusa da ƙafarta, ta ce, "To mazajena, a kawo kawuna."

Tagwayen jikokinta suka matso suka durƙusa. Tun ranar da uwarsu ta rasu a hannunta suke. Babba lafiyarsa lau. Ƙarami ne mai farfaɗiya, shi ke shan ƙwayar kowace safiya, in kuwa aka tsallake to a shirya ganin tashin hankali. Kamarsu ɗaya, muryarsu ɗaya, har tarinsu iri ɗaya ne. Da can da ido take rarrabe su, amma tun bara yanar ido ta rufe mata gani, har ta kai in mutum ya tsaya a gabanta ba ta ganin komai sai dogon duhu mai motsi. Ba ta gaya wa kowa ba. Ɗanta, uban yaran, direban babbar mota ne, yakan yi makonni a hanya, kuma ya sha faɗa mata cewa duk ranar da ƙarfinta ya gaza zai kwashe yaran ya kai wa gwaggonsu a wani gari. Ita kuwa da a raba ta da su gara a zare mata rai.

Shi ya sa ta yi dabara. Ta je shagon mai askin bakin titi ta kafa masa doka: Babba a bar masa suma a sama, Ƙarami a kwashe masa ƙasa-ƙasa ko'ina. Ba ta faɗi dalili ba, shi ma bai tambaya ba. Tun daga nan tafin hannunta ya zama idonta. Kan da ya yi laushi na Babba ne, wanda ya yi kaushi shi ne na magani. Jiya ne kaɗai ciwon gwiwa ya hana ta raka su, ta bar su suka je aski su biyu.

Ta ɗora hannu a kan na dama. Gefe a kankare sumul, sama ɗan saisaye, ga wata siririyar tsaga daga goshi ta nufi bayan kunne. Ta kai hannu kan na hagu. Gefe sumul, sama saisaye, ga tsagar nan a wuri ɗaya kamar an gwada da zare. Ta koma na dama, ta dawo na hagu, ta shafa ƙeya, ta shafa goshi. Kai biyu, ba abin da ya raba su.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Wane la'ananne ne ya yi min wannan?"

Ta riƙo kafaɗunsu.

"Wane ne Ƙarami a cikinku?"

"Shi ne," in ji muryoyi biyu a lokaci ɗaya.

Ashe 'yan banzan sun sani. Duk ɓoyon da take yi, duk ƙaryar tana neman allura alhali ƙofar ɗaki take laluba, suna kallonta. Ta lallaba, ta yi alkawarin alewa, ta yi rantsuwa za ta karya musu ƙafafu, amsar dai ɗaya ce. Ga ƙwaya a hannunta. In ta ba mai lafiya ta cuce shi, in ta hana mai ciwo ta kashe kanta. Sai ta ƙulle ƙwayar a bakin zanenta, ta yafa mayafi a karkace, ta damƙi hannun wannan, ta damƙi na wancan.

"Ku wuce mu je. Wanda ya ɓata shi zai gyara, ko yau a ji mu da shi."

Hanyar a ƙafarta take. Ta san inda kwata take da katakon da aka gitta mata, ta san ƙarar mai walda, ta san warin man gyaran babura da ke gaba da shi. Mai shagon kusa da gida ya gaishe ta, ko kallon inda muryar ta fito ba ta yi ba. Tun kafin ta kai ta jiyo zuzar injin aski da ƙamshin hodar da ake barbaɗa wa mutane a wuya.

Ta banka labulen shagon. Ta ga duhun mutane jere a benci, ga wani ƙaton duhu a kan kujerar aski an lulluɓe shi da farin ƙyalle har wuya. Hannuwan yaran suka sandare a cikin nata, ta ce a ranta, yanzu kuka san tsoro.

"A'a, Kaka ce da sassafe? Ina kwana?" in ji mai aski.

"Da ban kwana ba ka gan ni? Kashe abin nan da ke min kuka a kunne."

Injin ya yi shiru.

"Me na ce maka a kan yaran nan? Da bakin nan nawa, a shagon nan, kana tsaye inda kake tsaye. Na ce wannan sama, wancan ƙasa. Ko da wani yare na yi maka magana?"

"Kaka, ki yi haƙuri ki ji. Sabon hoton aski na manna a bango, ga shi can. Su suka zo suka nuna wannan, suka ce ke kika ce a yi musu iri ɗaya. Jiya shagon a cike yake, ban tsaya dogon bincike ba. Kuma wallahi ya yi musu kyau, shi ake yayi yanzu."

"Yayin gidanku! Ƙato da kai, gemu har ƙirji, yara su ba ka umarni ka bi? In suka ce ka yanke musu kunne sai ka yanke? Ka kankare musu gefe kamar an feƙe rake, ka ja musu hanya a ka kamar ta tururuwa, ka ce min yayi? Mayar min da sumar nan yadda take."

Wani a benci ya tuntsire da dariya, ya ce, "Kaka, sai dai a kawo gam a share ƙasa a tattaro."

"Kai kuma wa ya sa da kai? In ka gama dariyar ka je ka wanke baki, tun daga nan nake jin sa."

Sauran suka fashe da dariya.

Mai aski ya ce, "Kaka, suma dai ba ta mannuwa. Amma in bambancin kike so, abu ne mai sauƙi. Yanzu na kwashe wa Ƙarami ƙasa-ƙasa yadda aka saba, shi ke nan. Wanne ne Ƙaramin?"

Kaka ta ji shagon gaba ɗaya ya zuba mata ido.

"Kai makaho ne? Shekara nawa kana taɓa musu kai?"

"Wallahi Kaka, ni ma da askin nake gane su. Kowa ya zauna sai na bi sawun na da. Ke da kika rene su, nuna min kawai."

"Zan nuna maka in na ga dama. Ka fara ba ni kujera tukuna." Ta saki yaran, ta taka zuwa ga ƙaton da ke lulluɓe, ta dunguri kafaɗarsa. "Kai bawan Allah, tashi. Yaro za a yi wa gyara, kai naka ya jira."

Mutumin bai motsa ba.

Ta sunkuya har tana jin numfashinsa, ta zuba idanunta a inda take zaton fuskarsa take, don a ga tana kallo. "Da kai nake. Ka baje a kujera kamar buhun siminti. Tsohuwa tana tsaye kana zaune, kai ba ka da uwa ne?"

"Ina da ita, Inna," in ji mutumin a hankali. "Ga ta a gabana."

Muryar nan ko a cikin kasuwa ta ji ta ta san ta. Ɗanta ne. Ta tuna ita ce kullum ke yi masa faɗa in ya dawo daga hanya da gashi buzu-buzu kamar wanda ya tsero daga daji, shi ya sa ya fara biyawa ta shagon kafin ya iso gida. Shi ya sa yaran suka sandare. Shi ya sa ba wanda ya sake yin dariya.

"Au, kai ne? Yaushe ka sauka? Ƙyallen nan ne ya rufe ka, ga hasken fitilar nan..."

"Inna, fuskata a buɗe take. Kin kalle ni ido cikin ido." Ta ji ya kwance ƙyallen ya miƙe. Iska ta ɗan kaɗa a gaban fuskarta, ta gane hannu yake wulgawa, kuma ta gane ta makara wajen ƙiftawa. Muryarsa ta karye. "Tun yaushe?"

"Ba abin da ya sami idona."

"Tun yaushe, Inna? Haka kike kunna wuta? Haka kike tsallaka titi da su?"

Ya juya ya daka tsawa, irin wadda yake yi wa masu lodi. "Ƙarami, zo nan!"

Takun ƙafa ɗaya ya matso. Kaka ta kwance bakin zane, ta miƙa ƙwayar, mai aski ya kawo ruwa da sauri. Ta kasa kunne har sai da ta ji maƙogwaron yaron ya haɗiye, sannan ta sauke numfashi.

"Don me kuka yi wa kakarku haka?" in ji uban.

Yaron ya fashe da kuka. "Baba, a makaranta da kaina suke gane ni. Suna cewa mai kai ƙwal shi ne mai faɗuwa, kowa ya matsa. Ba mai zama kusa da ni. Yaya ne ya ce in muka yi iri ɗaya ba wanda zai sani."

"Ni na ce," in ji Babba daga bakin ƙofa. "Baba, kar a sake yi masa na da."

Wannan ma Kaka ba ta taɓa sani ba. Alamar da ta sa don hannunta, ashe duk makaranta na karanta ta.

Ɗanta ya ce, "Inna, ba ni sauran maganin in mun je gida. Yau zan kai su wajen gwaggonsu. Ke kuma in na dawo sai asibitin ido."

"Ka kai wa? Yaran da na goya, na wanke musu kashi? Wadda ko nata ba ta iya riƙewa ba za ka kai wa? Faɗa min, na taɓa kuskuren maganin nan ko sau ɗaya?"

"Yau fa?"

"Yau ban ba kowa ba!"

"Shi ne ai, Inna."

"In sun yi min aikin idon za ka dawo min da su?"

"In kin warke, mu yi magana."

Ta san wannan muryar ma. Ta ubansa ce, in ya gama yanke magana. Ya ce ta zo su tafi gida, ya kama hannunta, ta fizge.

"Ka tafi da su tunda ka fi ni iko. Ni ban gama da mai askin nan ba."

Ta laluba hannun kujerar askin, ta juya ta zauna daram, ta gyara mayafi. Ɗanta ya roƙe ta, ya ce ana kallo, ta ce a kalla. Daga ƙarshe ya ce zai kai yaran su haɗa kaya ya dawo ya ɗauke ta. Ta ji labule ya ɗaga, ta ji kukan Ƙarami yana nisa, har ƙarar mai walda ta haɗiye shi.

Mai aski ya matso yana murza hannu. "Kaka, don girman Allah. Da na san haka ne..."

"Da ka sani. An ba ka aiki, an ce ga yadda za ka yi, sai da aka faɗa maka sirrin gida sannan za ka bi? Ka zo da hotonka na banza ka raba ni da jikokina, ka ce in yi haƙuri? Da injin nan ka kwashe min su, da shi za ka nemo yadda za su dawo."

"Kaka, ni mene ne nawa a maganar gida? Ga mutane na jira."

"Su jira. Ni ma jira zan yi."

Mutanen benci suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa da ƙaryar da ya yi. Mai aski ya tsaya da inji a hannu, ya rasa ta inda zai ɓullo mata, ga shi ba damar ya taɓa ta. Can sai wani ya ɗaga labule riƙe da hannun ɗansa, ya leƙo.

"Maigida, akwai layi?"

"Akwai," in ji Kaka. "Ni ce, kuma ban gama ba. Shigo ka zauna in gaya maka abin da zai yi wa kan ɗanka in ka juya baya."